Lafinta ta asali ko lafandin: wanne ya dace da ƙaramar gonar da ba a sa mata magani?

Wanda ya ga hoton gonakin lafinta, shukar ƙamshi da ake tatsar mai daga furenta, na kudancin Faransa, kunya bayan kunya ta fure mai launin shunayya har inda ido ya gaji, zai ɗauka shuka ɗaya ce ta rufe ƙasar. Iri biyu ne. Mafi yawan abin da masu yawon buɗe ido suke tsayawa ɗaukar hoto a cikinsa a tudun Valensole ma ba lafinta ta asali ba ce, wani ɗan uwanta ne da ake kira lafandin. Ga mai kallo, bambancin bai taka kara ya karya ba. Amma ga mai ƙaramar gona, hekta ɗaya ko rabinta, wanda ya ƙudurta ba zai zuba takin zamani ko ya yi feshin magani ba, wannan zaɓin zai bi shi shekara goma. Ba shukar damina ɗaya ba ce da za ka ce bana na gwada wannan, baɗi in sake. In ka dasa, sai a shekara ta uku take ba da cikakken amfani, daga nan kuwa kuna tare har ta tsufa.

Lafinta ta asali, wadda masana tsirrai ke kira Lavandula angustifolia, 'yar kan dutse ce. A yankin Provence na kudancin Faransa tana fitowa da kanta a gangaren duwatsu masu farar ƙasa, daga wajen mita 600 zuwa 1,400 sama da teku. Gajera ce, karanta ba ya reshe, zangarniya ɗaya ce tak a kansa. Can ƙasa da ita, inda ya fi ɗumi, akwai wata mai faɗin ganye, Lavandula latifolia, wadda ƙamshinta na kafur ke hawa kai. A inda iyakar su biyun ta haɗu, ƙudan zuma kan kwashi garin furen wannan su kai wa waccan, abin da ya fito a tsakani shi ne lafandin. Alfadari ne a cikin tsirrai: ya fi ƙarfi da juriya, amma ba ya haihuwa. Ba ya yin iri, sai dai a yanki reshensa a dasa. Za ka gane shi da girman jiki da dogon kara mai 'yan rassa biyu a gefe, kowanne da tasa ƙaramar zangarniya.

Wanda ya fi shahara a cikin lafandin sunansa Grosso, sunan manomin da ya tsinto shi, Pierre Grosso, a wajen ƙauyen Goult a farkon shekarun 1970. A lokacin wata cuta tana cinye irin da ake yayi, Abrial. Grosso ya jure, manoma suka koma kansa, har yau kuma shi ne ya mamaye gonakin lafandin na Faransa.

Ƙasar ce ke fara magana

Kafin a je ga kuɗi, ƙasarka ta riga ta yanke rabin hukuncin. Dukansu biyun rana suke so, awa shida zuwa takwas ko fiye, da ƙasa mai tsakuwa wadda ruwa ba ya kwana a cikinta, wadda ba ta da tsami. Ƙasa mai yawan taki ba ta yi musu: ganye za su yi ta yi, ƙamshi ya ragu. Wannan albishir ne ga mai noma ba magani, domin ɗan takin gargajiya da ya ruɓe sosai ya ishe su. Abin da ke kashe su shi ne jiƙaƙƙiyar saiwa. Mai ƙasar laka, in dai sai ya yi, to ya tayar da kunya mai tudu ya gauraya tsakuwa, ya kuma san yana kokawa ne da halin ƙasarsa.

Inda suka rabu shi ne tsayin wuri da zafi. Ta asali ta fi jure sanyi mai tsanani, amma zafin kwari na gajiyar da ita. Lafandin yana jin daɗinsa a ƙasa-ƙasa, daga mita 200 zuwa wajen 800, ya kuma fi haƙuri da zafi. Shi ya sa Valensole, mai tsayin kusan mita 500, ta zama gidan lafandin, shi kuwa garin Sault da tudun Albion da ke sama suka riƙe ta asali. Tun 1981 Faransa ta ba man lafinta na Haute-Provence tambarin kariya, kuma sharuɗɗansa sun haɗa da a noma ta a mita 800 ko sama, daga iri aka shuka ta, ba daga reshe ba. Wanda gonarsa take kwari ba shi da rabo a wannan tambarin komai kyan aikinsa.

Ba sai Provence ba. Garin Sequim a jihar Washington ta Amurka yana bayan duwatsun Olympic da ke tare masa hadari, ruwan da yake samu a shekara bai fi milimita 400 da 'yan kai ba, ƙananan gonakinsa kuma na noma iri biyun gefe da gefe. Gonar Bridestowe a tsibirin Tasmaniya na Ostareliya ta fara ne a farkon shekarun 1920 da irin ta asali da aka ɗauko daga duwatsun Faransa. A Bhaderwah, cikin duwatsun Jammu na Indiya, ƙananan manoman masara sun koma noman ta asali bayan gwamnati ta ɓullo da shirin tsirran ƙamshi a 2016. In ka duba wuraren nan duka, za ka ga akwai lokacin sanyi da shukar ke hutawa, da ƙasar da ruwa ke wucewa da sauri.

Lissafin mai, da tarkon da ke cikinsa

A nan ne mafi yawan sababbin manoma ke ruɗewa. Hekta ɗaya ta lafinta ta asali da aka shuka daga iri tana ba da mai kimanin kilo 15 zuwa 20. Hekta ɗaya ta Grosso tana kai kilo 100, a gona mai kyau ta wuce. A Provence sukan ce sai ka tara fure wajen kilo 130 na ta asali kafin ka sami lita ɗaya, shi kuwa lafandin kilo 40 ya isa. Duk wanda ya ji haka zai ce to me ya rage, a dasa lafandin mana.

Sai dai man ba ɗaya ba ne. Na ta asali yana da taushi da ɗan zaƙi, kafur ɗin da ke cikinsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Shi masu haɗa turare mai tsada a garin Grasse na Faransa suke nema, da masu man shafawa da na tausa. Na Grosso yana ɗauke da kafur kashi 6 zuwa 8, ƙamshinsa na da kaifi, yana buɗe hanci. Kasuwarsa sabulu ce da garin wanki da maganin goge ɗaki. Kuɗin na farko ya ninka na biyu ninkin ba ninki. A hannun dillali, abin da ɗaya ya samu da yawa, ɗayan yana maido shi da tsada.

Kasuwar sari kuwa ba ta da amana. Tun farkon shekarun 2010 Bulgeriya ta sha gaban Faransa a yawan man lafinta ta asali, musamman da filayen Dobrich suka shiga harkar. Da farashi ya yi kyau wajen 2018 da 2019, manoman alkama a Faransa ma suka shiga dasa lafandin har a filayen da ba a san su da shi ba. Kaya ya yi yawa, farashi ya faɗi ƙasa da rabi cikin 'yan shekaru, har a 2022 aka shiga maganar ba manoma tallafi su tumɓuke gonakinsu. Masu hekta hamsin da injin girbi ke nan suka ji jiki. Mai rabin hekta da lauje ba shi da abin yi a wannan fagen, ko wanne iri ya dasa.

Ga lissafin da ya kamata ƙaramin manomi ya yi. Ɗauki rubu'in hekta. Ta asali za ta ba ka mai wajen kilo 4, wato 'yan kwalabe masu cin mililita 10 kimanin 450. Lafandin zai ba ka wajen kilo 25, kwalabe kusan 2,800. Tambayar ita ce, mutum nawa ne za su tsaya gaban teburinka a kasuwar mako ko a bakin gona su sayi kwalba? Ɗari huɗu da hamsin a shekara, mai yiwuwa ne. Dubu biyu da ɗari takwas kuwa, sai wanda ya riga ya yi suna. Ragowar za ta koma hannun dillali a farashin da ya ga dama. Saboda haka yawan man lafandin ba riba ba ce sai in kana da inda za ka zuba shi da kanka, misali sabulu da kyandir, inda kaifin ƙamshinsa ya zama abin so domin ya fi daɗewa a jikin sabulu, kuma arharsa ta sa ba ka jin zafin zubawa.

Akwai tsaka-tsaki da ya kamata a sani: ta asali da ake dasawa daga reshe, irin su Maillette, tana ba da mai fiye da ta iri, kusan ninki biyu, duk gonar kuma ta nuna lokaci ɗaya. Masu hancin turare sukan ce ta iri ta fi zurfin ƙamshi, don kowace shuka da nata. A ganina wannan gardama ce ta manyan masu saye. Mai sayen kwalba ɗaya ba zai rarrabe ba.

Abin da ƙaramar gona ke sayarwa a zahiri

Gonakin Sequim ba da mai suka tsayu ba. Sun tsayu ne da dami, ɗanye da busasshe, da busasshiyar huda da ake ɗurawa a 'yan jakunkuna a sa cikin akwatin tufafi, da ruwan da ke saura bayan an tatsi mai, da baƙin da ke zuwa su yanka da kansu su biya. Bikinsu na watan Yuli ya faro tun 1997. In da wannan ido aka duba, kwatancin yakan sauya fasali.

Wajen dami, lafandin ne sarki. Karansa kan kai rabin mita ko fiye, yana cika hannu, yana tsayawa ƙyam a tulun fure, shuka ɗaya kuma ta ba ka abin da ta asali biyu ko uku za su bayar. Grosso yana riƙe hudarsa bayan ya bushe, don haka ya dace da busasshen dami. Wani irin lafandin da ake kira Provence kuwa hudarsa zuba take da an taɓa: bai yi wa dami ba, amma in huda kake so ka tara a buhu, ya rage maka aiki. Ta asali tana rama nata da launi. Irin su Hidcote da Royal Velvet suna bushewa da shuɗi mai duhu da ba ya saurin kwaɗewa, yayin da yawancin lafandin ke komawa toka-toka. Mai saƙa kambun fure zai biya ƙari saboda wannan launin.

Wajen ci, babu gardama: ta asali. Ita ake sawa a shayi, da biskit, da zuma, da gishirin gashi. Kafur ɗin lafandin yana sa abinci ɗaci da ɗanɗanon sabulu. Wannan kasuwa ƙarama ce, amma 'yan giram ake sayarwa da kuɗi mai kauri, kuma a nan ne takardar shaidar noma ba magani ta fi yin aiki, domin mutum ya fi damuwa da abin da zai haɗiya fiye da abin da zai rataya a bango. Takardar ba ta zuwa da wuri: a Tarayyar Turai shuka mai shekaru irin wannan sai ta yi shekara uku ana bin ƙa'ida kafin a kira amfaninta da wannan suna, a Amurka ma wata 36 ne daga feshin ƙarshe. Abin daɗin shi ne lokacin ya zo daidai da shekarun da shukar ke girma.

Zuma kuwa duka biyun na bayarwa. Masu kiwon zuma a Faransa kan kwaso amyoyinsu a mota su jera a gefen gonakin Valensole lokacin fure. Ko ba ka da amya, wani zai so ya ajiye tasa a gonarka, musamman da ya san ba ka feshi.

Ciyawa

Wanda bai taɓa yi ba zai zaci ƙwari ne babbar matsalar noma ba magani. A lafinta ciyawa ce. Shekara biyun farko shukar ƙarama ce, tana girma a hankali, ƙasa a buɗe ta ko'ina. In ka yi sakaci wata ɗaya, ciyawa ta rufe dashen, ta tare masa rana da iska, ɓangaren da ya shiga inuwa ya mutu, kuma ba ya dawowa. Ko a tsohuwar gona, ciyawar da ta shiga cikin girbi tana ɓata dami, tana kuma gurɓata ƙamshin mai a tukunya.

A nan lafandin ya yi wa mai fartanya adalci. Yana girma da sauri, yana haɗe layinsa da wuri ya danne abin da ke ƙarƙashinsa, kuma gindin da za ka zagaya bai kai yawa ba: a Provence hekta kan ɗauki lafandin 8,000 zuwa 10,000, ta asali kuwa 12,000 zuwa 15,000. Ta asali takan bar gibi tsakanin gindi da gindi na tsawon lokaci, ta iri kuma ba ta girma daidai wa daida, wata ta yi ƙiba wata ta tsumbure.

Dabarun sanannu ne. Wasu na shimfiɗa baƙar tabarmar roba mai saƙa a kan kunya su huda ramuka su dasa. Tana hana ciyawa, amma tana tara zafi, ga kuɗi, ga ranar kwashe ta. Wasu na zuba farar tsakuwa a gindi, wadda ke maido hasken rana ta kuma bar wuyan shukar a bushe. Abin da bai kamata ba shi ne lulluɓe gindin da ciyawa ko tattaka kamar yadda ake yi wa kayan lambu, domin laimar da suke riƙewa ita ce ke ruɓar da shi. Akwai kuma masu sakin tumaki cikin tsohuwar gona bayan girbi: suna cinye ciyawar su bar lafintar, ƙamshinta bai yi musu ba. Ƙaramin dashe dai a nisanta shi da kofato.

Cutar da ba ta da magani

A kudancin Faransa manoma na fama da wata cuta mai sa shuka ta yi rawaya, ta tsumbure, ta bushe. Wani ɗan ƙwaro mai tsalle, Hyalesthes obsoletus, shi ke ɗauke da ƙwayar cutar. 'Ya'yansa na kwana a saiwa cikin ƙasa duk lokacin sanyi, manyan su fito da zafi su bi gona suna tsotsa suna yaɗawa. Babu feshin da ke warkar da shukar da ta kamu, saboda haka mai magani da mara magani kusan kunnen doki suke a nan. Gonar da a da take kai shekara goma sha, a wuraren da cutar ta yi ƙarfi yanzu wata ba ta wuce rabin haka.

Grosso ya fi jurewa, dalilin ɗaukakarsa ke nan, ko da yake shi ma ba gagara-badau ba ne. A ɓangaren ta asali, masu bincike sun tace irin da ke da juriya kamar Rapido da Carla. Cibiyar binciken tsirran ƙamshi ta CRIEPPAM da ke garin Manosque ta daɗe tana gwada hanyoyin da suka dace da mai noma ba magani: sayen dashen da aka tabbatar da lafiyarsa, shuka hatsi ko ciyawa mai amfani a tsakanin layuka don kada ƙasa ta zauna tsirara da zafi yadda ƙwaron ke so, fesa farar laka a ganye don ta ɓatar da shi, da hutar da ƙasa 'yan shekaru da wani amfanin kafin a sake dasawa. A Amurka kuwa abin tsoron ruɓewar saiwa ce da ƙwayar cutar Phytophthora ke kawowa, wadda sau da yawa a cikin dashen da aka saya take shigowa gona. Kada ka karɓi reshe daga tsohuwar gonar maƙwabci don kyauta ne.

Akwai wani haɗari da ke tattare da lafandin kansa. Tun da daga reshe ake yaɗa shi, duk Grosso da ke duniya jiki ɗaya ne. Abin da ya iya kayar da gindi ɗaya zai iya kayar da duka. Gonar ta asali da aka shuka daga iri kuwa dubban 'yan uwa ne mabambanta, in annoba ta zo da wuya ta share su baki ɗaya.

Ranar girbi

Ana fita da safe bayan raɓa ta bushe, kafin rana ta take. Ka tattara kara da hannun hagu har ya cika tafi, ka ja lauje mai haƙora da dama, ka yanke a sama da ganye kaɗan. Kada lauje ya shiga tsohon itacen da ba ganye, domin lafinta ba ta cika toho daga can ba. Ana ɗaure damin da roba, ba da igiya ba: kara yana ramewa in ya bushe, igiya ta saki, dami ya zube, ita kuwa roba tana bin sa tana matsewa. Ƙudan zuma za su cika wurin, amma hankalinsu na kan fure, da wuya su kula ka.

Lokacin yanka ya danganta da abin da kake nufi. In dami ne ko huda, sai a yanka da furannin farko sun buɗe a ƙasan zangarniya, sauran suna rufe da cikakken launinsu. In an makara, fure ya zube a rumfa, launi ya tafi. In mai ne, sai a jira har fiye da rabi sun buɗe, wasu sun fara yaushi. Taƙin kwanakin ba shi da yawa, kuma nan ne ƙaramar gona mai hannu biyu ko huɗu take shan wuya in iri ɗaya ta dasa: komai ya nuna a mako guda.

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta haɗa su. A gona ɗaya, ta asali tana riga lafandin fure da mako biyu zuwa huɗu. Ka gama da ita, rumfa ta fara sakin wuri, sannan lafandin ya shigo. Wasu irin ta asali ma sukan sake ɗan fure a ƙarshen zafi in an yanke su da wuri. Mai karɓar baƙi kuma ya sami gona mai launi na wata biyu maimakon mako uku. Kada wanda ya je Provence ya ruɗe da ganin an girbe Valensole a tsakiyar Yuli alhali Sault na bikinta ranar 15 ga Agusta; tsayin dutse ne ya jinkirta ta can, ba halin irin ba.

Ana rataye dami kai ƙasa a rumfa mai duhu da iska ke ratsawa, ba a cunkushe ba. Rana na cinye launi, laima na kawo fumfuna. Cikin mako biyu ko makamancin haka kara zai karye ƙas in an lanƙwasa, alamar ya bushe. Damin lafandin ya fi kauri, ya fi cin wuri, ya fi saurin yin fumfuna a tsakiya in an ɗaure shi da yawa. Mai son huda sai ya murza busasshen damin tsakanin tafukansa a kan rariya, ya tankaɗe ƙura da guntayen kara. Aiki ne mai sa atishawa, a ɗaura ƙyalle a hanci.

Tatsar mai da tururi ake yi. A danna fure a tukunya sosai don kada tururi ya sami hanyar gudu, tururin ya ratsa ya kwashi man, ya bi ta bututun da ke cikin ruwan sanyi ya koma ruwa, man ya taso sama a kwashe. Tukunya ɗaya kan ɗauki wajen awa guda. Manyan gonakin lafandin suna yanka su niƙa a take da inji su tatsa ɗanye. Masu ta asali da yawa har yanzu suna barin ta ta sha iska kwana ɗaya ko biyu tukuna. Sabon mai yana da ɗan warin ɗanyen ganye, sai ya kwanta 'yan watanni ƙamshinsa ke daidaita. Bayan girbi kuma akwai aski: a rage sabon toho a mayar da shukar dunƙule, in ba haka ba ta buɗe a tsakiya ta zama itace. Lafandin da aka bari shekara biyu ba aski yakan wargaje fiye da ta asali saboda nauyinsa.

In a ƙasar Hausa ne fa?

Tsarin ruwanmu kishiyar na Provence ne. Can ruwa da sanyi yake zuwa, zafi ya zo a bushe. Nan ruwa da zafi tare suke, laimar Agusta kuwa ita ce ainihin abin da saiwar lafinta ba ta ɗauka. Ta asali tana kuma bukatar sanyin da zai kwantar da ita kafin ta yi fure sosai. Jos da Mambila na da tsayi da sanyi, amma ruwansu ya yi yawa. Wanda ke sha'awa ya fara da gindi ashirin a tukwane masu tsakuwa, ƙarƙashin rufin da ke tare ruwa ya bar haske, ya kuma haɗa da Lavandula dentata mai ganye kamar zarto, wadda ta fi sauran haƙuri da zafi, ko da yake man da take bayarwa ba na turare ba ne. Dangin lafinta na daji suna nan a duwatsun Azbin da Tibesti da Jabal Marra, amma ba su ake nomawa don kasuwa ba.

Inda kwatancin ya fi shafar mu shi ne wajen saye. Mai haɗa humra ko turaren jiki ta duba bayan kwalba: in an rubuta angustifolia, ta asali ce, in hybrida ko intermedia ne, lafandin ne, kuma bai kamata a caje ta kuɗin ta asali ba. Wanda aka rubuta 40/42 haɗi ne da aka daidaita a masana'anta. Mai sabulu kuwa asara ce ta zuba ta asali, lafandin ya fi mata.

To wanne?

In gonarka na kan tudu mai sanyi da farar ƙasa, mita 800 ko sama, ka ba ta asali mafi yawan wurin. Kana da abin da mai kwari ba zai iya yi ba, kada ka ɓata shi da kayan sabulu. In kana ƙasa-ƙasa inda zafi ke da ƙarfi, ko hannun da zai yi maka noman ciyawa kaɗan ne, ka sa lafandin kashi biyu cikin uku, Grosso a gaba, sauran ka ba ta asali iri biyu, ɗaya mai duhun launi don dami, ɗaya don ci. In kuma shirinka shi ne ka tatsi mai ka kai wa dillali a jarka, da hekta ɗaya, ni dai ban ga wanda zai fitar da kai a cikinsu ba. Gara ka nemi wani amfanin.

Kada ka cika gonar a shekarar farko. Dasa layi biyu-biyu na iri huɗu ko biyar, ka bar su su sha sanyi ɗaya da zafi ɗaya, ka ga wanda ƙasarka ta karɓa, sannan ka ba masu renon dashe oda da wuri, don dashe mai shaidar lafiya ba a samun sa ranar da aka tashi nema. Kuɗin farko kuma su tafi kan rumfar shanya. Tukunyar tatsa ta jira shekara ta uku, kafin nan ma in akwai mai ita a kusa, kai masa furenka ka biya ladan wuta.